Hoto da Koyar da Kirki a Littattafan Yara

Da yawa cikin masu shirya wa yara littattafai suna zaton kirki abu ne da a ke cusawa da wa'azi a ƙarshen labari. Lalle wannan kuskure ne. Yaro ya kan karanta hoto tun bai san baƙi ba, abin da idonsa ya riga ya kama kuwa, jawabin ƙarshe ba ya kankare shi. In an zana Gizo ƙato yana murmushi, Ƙoƙi kuwa 'yar mitsitsiya a gefe, to, wayo aka yaba, ko da an rufe da tsine wa zalunci.

Dubi dabarar Abubakar Imam cikin Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937. Aku bai tsare Musa ɗan sarki da tsawa ba, labari ya yi ta ba shi har hatsari ya wuce. Hoto ma haka ya kamata ya ja yaro, watau da nuni.

Saboda haka malamin da zai zaɓa wa aji littafi, sai ya rufe rubutun da tafin hannu, ya duba hotunan kaɗai. In ya ga mai ƙarfi ya durƙusa ya tallafi rarrauna, ya ɗauka. In bai gani ba ya ajiye, gama icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.