Chinua Achebe Tsakanin Aji da Fagen Talifi

Malaman adabi sun daɗe suna jayayya a kan wata mas'ala, wato ko karatun adabin Ingilishi a jami'a yana iya mai da ɗalibi mawallafi, ko kuwa iyakarsa ya mai da shi gwanin sharhin abin da waɗansu suka wallafa. Da yake mas'ala irin wannan ba ta warwaruwa da yawan hujjojin baka sai an ɗauki rayuwar mutum guda an bi ta daki-daki, ban ga wanda ya fi cancanta a ɗauka ba kamar Chinua Achebe, wanda ya zauna a ajin, ya karɓi shahadar, sa'an nan ya yi kusan shekara sittin yana jarraba alƙalaminsa a maƙala, da gajeren labari, da jawabin rediyo, da dogon ƙagaggen labari, da waƙa, da raddi, har da tarihin rayuwarsa.

An haife shi a Ogidi, cikin ƙasar Ibo, a 1930, ya yi karatu a Kwalejin Gwamnati ta Umuahia, ya kuma shiga Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, cikin ɗaliban farko. Likita aka ɗauke shi ya karanta, amma bayan shekara guda ya koma fannin Ingilishi da tarihi da ilimin addini, ko da yake ya san tallafin da ake ba shi zai yanke. Kwalejin kuwa a lokacin reshe ce ta Jami'ar Landan, manhajar can ake bi, a karanta Shakespeare da Milton da Wordsworth, a yi musu sharhi, a zauna jarrabawa. Babu darasin da ake koya wa ɗalibi yadda zai ƙaga labarin kansa. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya san wannan hali, gama mutum yakan ƙoshi da nahawu da balaga da aruli, ya iya gane karayar baiti tun daga nesa, amma a ce ya yi ƙasida ɗaya mai rai ya gagara.

Shi da kansa ya ba da labarin wata gasar gajeren labari da sashensu ya shirya. Da sakamako ya fito aka ce babu wanda ya kai a ba shi kyauta, sai dai an yaba nasa, tare da cewa ba shi da tsari. Ya tafi wurin malamar da ta faɗi haka ya roƙe ta ta bayyana masa mene ne tsari, ta ce ba yau ba, za ta wasan tanis. Ya yi ta tuna mata har zangon karatu ya ƙare, daga bisani ta ce masa ta sake duba labarin, kuma ba ta ga aibinsa ba. Ke nan abin da ya fi bukata a aji bai same shi ba. Abin da ya samu wani ne dabam, kuma a ganina ya fi wancan amfani: idon da ke gane dabarar mawallafi, da abokin hamayya. An karantar da su littafin Mister Johnson na Joyce Cary, wanda ya fito a 1939, mawallafinsa kuwa tsohon jami'in mulkin Turawa ne da ya yi aiki a Borgu, a nan lardunan Arewa. Malamai suna yabonsa, ɗalibai kuwa ba su ga kowa a cikin akawun nan na labarin ba sai wawa abin dariya, wanda bai yi kama da wani ɗan ƙasa da suka sani ba.

Rubutunsa na farko, a mujallar ɗalibai mai suna University Herald, maƙaloli ne na raha irin na yaro mai gwada bajintarsa da Turanci. Amma kafin ya fita a 1953 ya rubuta wani ɗan labari a kan saurayin hedimasta mai zafin zamani, wanda ya toshe wata turba da ta ratsa harabar makaranta, alhali mutanen gari sun ɗauke ta hanyar magabatansu zuwa maƙabarta; aka wayi gari an rushe masa shinge da furanni da ɗaki guda, mai duba makarantu Bature kuma ya zo ya rubuta masa mummunan rahoto. Duk damuwar littattafansa na gaba tana cikin wannan 'yar ƙissa, sai dai mutanen cikinta ba su yi jini da tsoka ba tukuna, kowa ra'ayi ne aka sa wa riga.

Inda ya sami kunne, a fahimtata, gidan rediyo ne. Ya kama aiki a hukumar watsa labarai ta Nijeriya a Ikko a 1954, a sashen jawabai, yana rubuta abin da za a karanta da baki, yana gyara na waɗansu. Mai sauraro ba ya iya komawa baya ya sake duba jimlar da ta kuɓuce masa, saboda haka tilas marubucin rediyo ya ajiye ado, ya sa muhimmiyar kalma inda numfashi ke sauka, ya kuma rarrabe tsakanin yadda mutane ke magana da yadda ake rubuta wa mai jarrabawa. Wanda ya karanta Things Fall Apart, wanda kamfanin Heinemann ya buga a 1958, kwafi 2,000 a bugun farko, zai ji wannan tarbiyya tun daga babin farko, inda Okoye ya zo karɓar bashinsa wurin Unoka: an fasa goro, an yi zancen damina da biki da yaƙi, baƙo ya jera karin magana yana kewaya bukatarsa kafin ya fito da ita, shi kuwa mai gida ya fashe da dariya, ya nuna masa layukan alli da ya zana a bango na manyan basussukan da suka riga nasa. Kalmomin na Turanci ne, amma takun zancen na dattawan Ibo ne, kuma ba a manhajar Landan ya tsinci wannan ba. To, amma a duba ƙarshen littafin, inda Di'o, bayan ya ga gawar Okonkwo, tauraron labarin, yake tunanin cewa labarin mutumin nan zai iya cika sakin layi ɗaya a littafin da yake shirin rubutawa. Wannan aikin ɗalibin adabi ne tsantsa, wanda ya san yadda irin su Cary ke rubutu har ya iya aron muryarsu ya kashe su da ita. Kunnen rediyo da idon aji sun haɗu a littafi ɗaya.

No Longer at Ease ya biyo baya a 1960 (abin dariya, tauraronsa Obi an tura shi Ingila ya karanto lauya, ya dawo da digirin Ingilishi), sai Arrow of God a 1964, wanda ni na fi fifitawa, sai A Man of the People a Janairun 1966, zambo ne a kan 'yan siyasa, da ya ƙare da juyin mulkin soja. Da abin ya auku a zahiri ran 15 ga watan, har aka zarge shi da masaniya.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya raba shi da dogon labari, domin irin wannan aiki yana son natsuwa da zama wuri ɗaya, shi kuwa yana gudun hijira da iyali, yana yi wa Biyafara jakadanci, amininsa mawaƙi Christopher Okigbo kuma ya faɗi a fagen daga. Sai ya koma waƙa, ya tara su a Beware, Soul Brother a 1971, aka ba shi kyautar waƙa ta ƙasashen renon Ingila a 1972. Gaskiyar magana bai kai Okigbo a wannan fanni ba. Waƙoƙinsa na mai ba da labari ne, suna tsayuwa ne in akwai abin da ido zai gani, kamar uwar nan a sansanin 'yan gudun hijira da ke taje 'yan gashin da suka rage a kan ɗanta mai shirin mutuwa, suna kuma raunana in ya shiga falsafa. Amma waƙar ta koya masa tsimi, kuma an ga tasirinta a gajerun labaran Girls at War na 1972, musamman na Jonathan Iwegbu, wanda ya tono kekensa da ya binne lokacin yaƙi, ya karɓi fam ashirin ɗin da aka ba shi a madadin kuɗin Biyafara, ɓarayi suka karɓe a daren, gari na wayewa iyalinsa suka koma suyar ƙosai. In aka auna shi da labarin hedimasta, za a ga mawallafin ya daina bayyana manufarsa, ya bar aikin mutanensa ya faɗe ta.

A maƙala ne karatun Ibadan ya biya kuɗinsa ƙarara. A Fabrairun 1975, a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst ta Amurka, ya gabatar da muhadara a kan littafin Heart of Darkness na Conrad, ya bi nassin jimla-jimla da ƙa'idar da malamansa suka koya masa, ya nuna yadda aka hana baƙaƙen fatar da ke cikin littafin magana da mutuntaka, har yau kuma da wuya a karantar da littafin ba a ambaci raddin nan ba. The Trouble with Nigeria na 1983 kuwa wani salo ne, gajere, mai kaifi, kusa da wa'azi, ya ɗora laifin ƙasa a kan shugabanci. Ya rubuta shi a zamanin da yake cikin jam'iyyar PRP, ya kuma rufe shi da kafa misali da Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a Afrilun shekarar.

Shekara ashirin da ɗaya suka wuce kafin ya sake fitar da dogon labari, Anthills of the Savannah, a 1987, kuma da ya fito sai ga dukan fannonin da ya bi sun hallara a ciki: masu ba da labari fiye da ɗaya, da waƙar zube ta Ikem editan jarida, da laccarsa ga ɗalibai, da jawabin wani dattijo daga yankin Abazon, da Beatrice mai digirin Ingilishi daga Landan. Littafi ne mai yalwa, amma akwai wuraren da malamin maƙala ya danne mai hikaya, labari ya tsaya cik ana jiran a gama muhawara. Wannan ita ce hasarar yawan fanni: hannun da ya saba da kafa hujja ba ya saurin sakin ta.

Littafinsa na ƙarshe, There Was a Country, na 2012, ya cuɗa tarihin rayuwa da tarihin yaƙi, ya kuma jera waƙoƙinsa na da a tsakanin babobi, tsarin da ba baƙo ba ne ga wanda ya san Tazyinul Waraƙati na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Ya jawo ƙura, musamman a kan abin da ya ce game da Awolowo, kuma masu karatu da yawa a Yamma da Arewa sun ga shaida ce ta ɓangare ɗaya. Babobin ƙuruciyarsa suna da daɗin tsohuwar muryarsa; babobin siyasa kuwa sun jingina da naƙalto maganganun waɗansu, kuma adalcin da ya yi wa kowane ɓangare a Arrow of God, inda har Baturen mulki ya sami nasa uzuri, bai kai nan ba. Ya rasu a Boston ran 21 ga Maris, 2013, 'yan watanni bayan fitowar littafin, ana tsakiyar muhawara a kansa.