Gwanintar Ɓata Wasa da Gangan: Daren Rita Moreno a The Muppet Show

Gidajen talabijin na Amurka sun ga gwaji biyu na shirin Jim Henson, ɗaya a 1974 ɗaya a 1975, ba su ɗauka ba. Sai wani attajirin harkar nishaɗi a Ingila, Lew Grade, ya ce a zo ɗakin ɗaukar shirye-shiryensa na Elstree kusa da Landan a yi. Daga 1976 zuwa 1981 aka yi kashi 120, kusan kowanne da baƙo guda, mutum na gaske a tsakiyar 'yan tsana. Tsarin bai taɓa sauyawa ba: tsohon gidan wasa, kwaɗo mai suna Kermit yana fama ya ga an kammala shiri lafiya, ma'aikatansa kuwa babu wanda ya iya aikinsa. Abin da ke burge ni shi ne yawan ƙwarewar da ake kashewa kafin a nuna rashin ƙwarewar nan. Kashin da Rita Moreno ta zo baƙunta, a zangon farko, ya isa misali.

A bayan fage akwai wayar tarho manne da bango. Ta yi ƙara, Fozzie, beyar ɗin da ya ɗauki kansa ɗan barkwanci, ya ɗauka, sai ruwa ya feso daga cikinta. Kermit ya tambayi wa ya kira, aka ce masa hukumar ruwa ce. Shi ke nan, aka koma dandamali. Can an jima wayar ta sake ƙara. Wani karon hayaƙi ya turnuƙe, 'yan kwana-kwana ne. Wani karon kwabbai suka zubo, kira ne daga Las Vegas, birnin caca. Daga baya abu ya fashe, hukumar makamashin nukiliya ce a kan layi. Babu ɗaya daga cikinsu da zai sa mutum ya faɗi don dariya in shi kaɗai ne. Amfaninsu yana cikin tazarar da aka bari tsakani. Kira na farko ya koya wa mai kallo ƙa'idar wasan, na biyu ya tabbatar masa da ita, daga nan kuma da ya ji ƙarar waya sai ya fara murmushi tun ba a ɗauka ba, yana cankar abin da zai fito. Marubutan sun kuma san lokacin da abin zai fara gundura. Kafin mai kallo ya gaji, Kermit ya riga shi gajiya, ya fito fili yana ƙorafi a kan maimaicin, sannan Animal, makaɗin nan mai gashi buzu-buzu, ya zo ya tumɓuke wayar daga bango ya tafi da ita.

Wannan dabara ta shiri ya riga ka kushe kansa ita ce ginshiƙin gidan. Don ita aka ajiye tsofaffi biyu a barandar sama, Statler da Waldorf, waɗanda aka raɗa wa sunayen otal-otal biyu na birnin New York. Da wuya su yabi wani abu da zuciya ɗaya, da wuya kuma su yi fashin zuwa. Fozzie zai fito ya yi raha mai lami, da gangan aka rubuta ta haka, su kuma su jefo masa baƙar magana daga sama su kwashe da dariya. Ashe rahar Fozzie shimfiɗa ce kawai, ainihin abin dariyar yana bakin tsofaffin, sai kuma fuskar Fozzie in maganar ta same shi. Rubuta mugun barkwanci da zai yi wannan aiki ya fi wuya fiye da yadda ake zato. In ya yi daɗi, tsofaffin sun zama azzalumai. In ya yi muni da yawa, mai kallo ya koma bayansu, beyar ya zama abin tausayi. A zangon farko ma ba a gama gano ma'aunin ba, don Fozzie yakan bar dandamali a karye. Daga baya Frank Oz, mai riƙe da shi, da marubuci Jerry Juhl suka ba shi taurin rai: a zage shi yau, gobe ya dawo da hularsa yana da yaƙinin wannan karon zai ci.

Sai baƙuwar. Moreno 'yar asalin Puerto Rico ce, ta riga ta ci Oscar da fim ɗin West Side Story, ga Grammy ga Tony. Ƙa'idar shirin ita ce babban baƙo ya yi aikinsa tsakani da Allah, kamar bai san abokan aikinsa tsumma da soso ba ne. A ƙarshen kashin ta fito za ta rera "Fever", waƙa mai sanyi wadda ake bi a hankali, wani ɗan tsana mai suna Floyd yana riƙe da jita mai kauri, Animal yana kan ganguna. Ta fara lafiya lau. Tana kai ƙarshen baiti sai Animal ya sakar mata kiɗa kamar aradu. Ta zabura, ta waiga, ta ci gaba. Ya sake. A nan gwanintar take, domin ba ta bar waƙar ta mutu ba ko sau ɗaya. Muryarta na nan da zaƙinta, idonta ne kawai ke ƙara ja. Da abin ya ishe ta sai ta taka har gabansa ta wanke shi tas da Sifaniyanci, shi kuwa yana kallonta yana haki. Ta koma ta ɗora daga inda ta tsaya, ya kuma yi. Sai ta ɗauki faranta biyu na tagulla daga kayan kiɗan ta haɗa su da kansa a tsakiya. Da ta riƙa yi wa kyamara ƙifce, tana nuna ita ma ta san wasa ne, da babu abin da zai rage. Fushinta na gaske da 'yar tsana shi ya ba 'yar tsanar rai. Wannan fitowa ta kawo mata Emmy a 1977, ta cika manyan lambobi huɗu na harkar nishaɗin Amurka.

Ka tuna kuma yadda ake yin abin. Oz yana ƙasan bene, hannunsa a miƙe sama da kansa cikin Animal, ba ya ganin Moreno sai a ƙaramin talabijin da aka ajiye masa a ƙasa. Kiɗan ma ba nasa ba ne, wani makaɗin Ingila ne, Ronnie Verrell, ya buga shi, Oz yana daidaita kowane bugu da shi. Mutum biyu ke nan suka haɗu suka yi katsalandan guda, kuma dole ya faɗo daidai daƙiƙar da zai fi ɓata wa mawaƙiya rai.

Har rikicin da ba a tsara ba, an gina masa hanyar shigowa. Dubi kukun nan ɗan Suwidin mai yaren da babu shi. Henson ne ke riƙe da kai da murya, Oz kuma ya zura hannayensa biyu na gaske ta hannun riga. Kai na mutum ɗaya, hannu na wani, kamar tuwo da miya daga gida biyu. Sau da yawa hannun kan jefar da cokali ko ya cafko wani abu ba tare da kan ya sani ba, sai Henson ya bi shi da kallo yana neman mafita a take. Mamakin da kake gani a fuskar kukun, rabinsa na Henson ne da kansa.

Ba duk abin da ke zangon farko ne ya tsufa da kyau ba. Sashen rawa, inda ake zagayawa bibbiyu ana jefa gajerun raha, yawancinsa cike gurbi ne, kuma an rage shi sosai daga baya, lokacin da Juhl ya karɓi jagorancin rubutu daga Jack Burns ya mayar da hankali kan halayen 'yan gidan. Shirin ya ci Emmy na shirin nishaɗi mafi kyau a 1978, manyan taurari irin su Rudolf Nureyev da Harry Belafonte suka zo, Nureyev har ya yi rawar bale da ƙatuwar aladiya.