Hoton Abbey Road da Al'adar Karanta Bangon Faifai

A zamanin faifan garmaho, kwalin da ake saka faifai a ciki ba abin jefarwa ba ne. Faɗinsa ya kai inci 12, kuma mai sauraro yakan ɗora faifai ya koma ya zauna da kwalin a cinya, yana jujjuya shi har waƙa ta ƙare. Tun wajen 1940 Alex Steinweiss na kamfanin Columbia a Amurka ya fara ƙawata bangon faifai da zane, amma mawaƙan rock na shekarun 1960 su ne suka mayar da shi fagen gwada gwaninta. Ƙungiyar Beatles ta Ingila ta taɓa kowane gefe na wannan fage. A 1967 ta cika bangon Sgt. Pepper da fuskokin mashahuran mutane gommai da furanni. A 1968 ta fitar da bango fari fat. Shekara ta zagayo, sai ta tsallaka titi kawai.

Da farko ma ba haka aka shirya ba. An so a sa wa sabon faifan suna Everest, sunan sigarin da injiniyansu Geoff Emerick yake sha, har aka yi maganar tafiya duwatsun Himalaya ɗaukar hoto. Sai dai a lokacin zama ya yi tsami tsakanin 'yan ƙungiyar huɗu, rigimar kuɗi da ta shugabanci ta raba kawunansu, ba wanda yake da marmarin doguwar tafiya da 'yan uwansa. Paul McCartney ya zana abin da yake so a takarda: su fita ƙofar ɗakin ɗaukar sauti na EMI da ke unguwar St John's Wood a Landan, su bi ta kan fararen layukan tsallaka titi, a ba faifan sunan titin, wato Abbey Road.

Ranar Juma'a, 8 ga Agusta, 1969, da hantsi, mai hoto Iain Macmillan ya kafa tsani a tsakiyar titi, ɗan sanda ya tsayar masa da motoci. Kimanin minti goma ya samu. Suka je suka dawo, ya ɗauki hotuna shida, aka zaɓi na biyar domin a nan ne takunsu ya fi kyan gani. John Lennon ne a gaba da fararen kaya, Ringo Starr na biye da baƙar kwat, sai McCartney ba takalmi da sigari a hannun dama, George Harrison a baya cikin kayan jins. John Kosh, wanda ya tsara bangon, ya ƙi rubuta sunan ƙungiyar ko na faifan a gaba. A ganinsa fuskokin nan ba sa bukatar gabatarwa, kuma da faifan ya fito ranar 26 ga Satumba, kasuwa ta ba shi gaskiya.

Inda nazarin ya fi daɗi shi ne abin da masu kallo suka yi da hoton. A kakar shekarar jita-jita ta ɓarke a jami'o'i da gidajen rediyon Amurka cewa McCartney ya mutu a haɗarin mota tun 1966, an sa mai kama da shi a madadinsa. Nan da nan hoton ya zama jana'iza. Lennon ya zama mai jan addu'a, Ringo mai shirya gawa, Harrison mai tonon kabari, mara takalmin kuwa shi ne mamacin. Aka lura shi kaɗai ya jefa ƙafar dama gaba, sauran hagu. Aka ce McCartney bahago ne, me ya kai sigari hannunsa na dama? Har farar Volkswagen da wani maƙwabci ya ajiye a gefen titi ba ta tsira ba. Lambarta LMW 281F, amma aka mayar da 1 ɗin harafin I, ta zama 28 IF (IF a Turanci shi ne "da"), aka ce tana nufin da yana raye da ya cika shekara 28. Mutumin da aka haifa a Yunin 1942 shekararsa 27 a lokacin, amma mai neman hujja ba ya tsayawa lissafi. McCartney kuwa bayaninsa gajere ne: ana zafi a ranar, da sandal ya zo, ya cire su. Sai da mujallar Life ta bi shi gonarsa a Sukotlan, ta buga hirarsa a Nuwamba, kafin ƙurar ta lafa.

Ana yawan ɗora laifin kan wautar matasa, amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Beatles da kansu suka koya wa masoyansu tono. Wanda ya shafe watanni yana gano fuskokin Sgt. Pepper ɗaya bayan ɗaya ba zai yarda cewa sabon bangon ba ya ɓoye komai ba. Ga shi babu rubutu ko ɗaya da zai ce masa ga abin da ake nufi. A nawa ra'ayin, wannan shirun shi ne ƙarfin hoton, ya fi ƙwarewar Macmillan tasiri. Abin da hoton ya nuna a fili kuma bai bukaci tono ba: mutum huɗu sun juya wa ɗakin aikinsu baya, ba mai kallon wani. Kwana 12 bayan haka, ranar 20 ga Agusta, suka yi zamansu na ƙarshe su huɗu a wannan ɗaki, kuma a Afrilun 1970 duniya ta ji labarin wargajewarsu.

Hoton yana da wani sirrin: kowa zai iya kwaikwayonsa, ba ya bukatar komai sai titi da abokai uku. Red Hot Chili Peppers sun yi nasu a 1988. McCartney ya koma wurin a 1993 da karensa don bangon Paul Is Live, yana yi wa masu jita-jitar shaguɓe. An yi gwanjon motar a 1986, daga baya ta koma hannun kamfanin Volkswagen a Jamus, kuma a 2010 gwamnatin Birtaniya ta sa wurin tsallaka titin cikin wuraren tarihi da doka ta kare.

Mai karatu da ya samu zuwa Landan, ya sauka a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta St John's Wood. Akwai wata tasha mai suna Abbey Road can gabashin birnin, ba ruwanta da wannan titi, kuma ta sha ɓatar da baƙi. Ya kuma duba hagu da dama, domin motoci na bin titin har yau, kuma ba ɗan sandan da zai tsayar masa da su.