Zaure Da Aji: Ina Za A Horar Da Malami?

Wanda ya fito daga Shagari ya nufi Sakkwato, zai ratsa ƙasar Boɗinga, inda Sifawa ta ke. Nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. A irin wannan zaure almajiri ya kan ɗauki littafi ɗaya a bakin malami har ya sauke, yana kuma ɗaukar halinsa da ladabinsa. Shi ya sa Abdullahi na Gwandu ya keɓe littafi guda, watau Ida'un Nusukh, domin ambaton malaman da ya yi karatu wurinsu.

Zamanin Turawa aka zo da wata hanya. A 1934 aka buɗe Makarantar Shari'a a Kano, aka ɗauko malamai daga Sudan, a 1947 kuma aka mai da ita Makarantar Koyon Larabci. Sai ga aji, ga ƙararrawa, ga jarrabawa. Amfaninta ba ya ɓoyuwa. Ɗalibanta sun iya magana da Larabci, abin da ya kan gagari wanda ya shekara goma a zaure. Can Abubakar Gumi ya yi karatu, ya zama Alkalin Alkalai a 1962, ya fassara Alkur'ani da Hausa.

Amma fa akwai abin dubawa. Alkalan kotu gwamnati ta ke bukata, saboda haka aka yanka karatun daidai da aikin albashi. Takardar shaida kuwa ta kan nuna abin da mutum ya haddace, ba ta iya auna tsoron Allah, alhali shi jama'a su ke nema ga limaminsu.

Mutanen Sin sun ga irin wannan. Da aka soke tsohuwar jarrabawarsu a 1905, koyarwar Kwanfushiyas ta koma darasi a jami'o'i, har wasu makarantun horar da limaman Kirista a Amurka suna karantar da ita. To, wanda ya koyi addininsa bisa tsarin da wani ya shimfiɗa, wa zai shaide shi a gida?

A ganinmu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A bar wa aji tsarinsa da jarrabawarsa, amma kada a ba ɗalibi limanci ko alkalanci sai ya zauna gaban dattijon malami, jama'a sun san halinsa. Allah ya sa mu dace, amin.