Ajiye Gwani Kafin Ranar Karo

A Gidan Katta, kamar sauran garuruwan ƙasar Illela, mai son wasa kunnensa ɗaya na gidan kallon ƙwallo, ɗayan kuma na jiran labarin kokawa daga Ƙonni da Tawa, tsallaken iyaka. Shi ya sa gardamar hutar da manyan 'yan wasa kafin babban karo take da armashi a nan. Mutum zai yi wa koci wankin babban bargo don ya bar gwanayensa a benci, gobe ka same shi yana yaba wa ubangidan ɗan dambe da ya hana yaronsa ɗaure hannu sai ranar gasa. Shi bai ga saɓani a ciki ba, kuma in an bi a sannu yana da hujja.

Masu kallon ƙwallo suna da wasanni biyu da suke jifan juna da su. A ranar 30 ga Yunin 2019, a Iskandariyya, koci Gernot Rohr ya ga Najeriya ta riga ta tsallake rukuni bayan ta ci Burundi da Gini, sai ya sauya 'yan wasa da dama. Madagaska, wadda wannan ne zuwanta na farko gasar Kofin Afirka, ta lallasa mu 2-0. An yi ta tsine wa Rohr. Amma waɗanda ya hutar sun dawo sun fitar da Kamaru 3-2, suka ci Afirka ta Kudu 2-1, sai a wasan kusa da ƙarshe ne bugun tazarar Riyad Mahrez ya tare su, suka koma gida da matsayi na uku. A Janairun 2022 kuma, a Garwa, koci Augustine Eguavoen ya ci Masar da Sudan, ya ajiye mafi yawan 'yan sahun farko a wasan Gini Bisau, duk da haka ya ci 2-0, har Sadiq Umar ɗan Kaduna ya zura ɗaya. Kowa ya ce ga mai hankali. Ranar 23 ga wata Tunisiya, wadda korona ta rage mata 'yan wasa, wadda kuma hutunta bai kai namu ba da kwana ɗaya, ta kore mu da ci ɗaya mai ban haushi.

Har yau in zancen ya taso a bakin gidan kallo za ka ji saurayi yana cewa, "Kawu, ai Eguavoen shi ak kashe mu tun ran Gini Bisau, ƙafafun yara sun yi sanyi." Dattijon ya kan gyara hula ya ce, "To yaro, da ya sa su ɗaya ya karye, mi za ka ce?" Daga nan sai hayaniya.

Dukansu sakamako suke bi, kuma sakamako mugun alƙali ne a wannan shari'a. Rohr ya hutar, ya sha kashi nan take, ya yi nisa. Eguavoen ya hutar, ya ci nan take, ya faɗi a matakin gaba. Wanda ya kalli wasan Tunisiya da idon basira ya san abin da ya faru: 'yan Tunisiya sun gane cewa duk wutar Najeriya ta gefen Moses Simon take tasowa, suka sa masa mutum biyu, wani lokaci uku, Youssef Msakni ya ɗirka ƙwallo daga nesa ta kuɓuce wa mai tsaron gida, aka ba Alex Iwobi jan kati jim kaɗan da shigowarsa. Babu ɗaya cikin waɗannan da zaman benci ya haifar.

Kokawa da dambe sun fi ƙwallo daɗewa da wannan tambaya, kuma amsarsu ta fi daidaita. A al'ada shekarar ce da kanta take raba hutu da karo. Da damina kowa na gona, fage a rufe yake. Sai an kai amfani gida, kaka ta yi, ganga take tashi. A fagen ma akwai tsari: yara ke buɗewa, sai matasa, manya sai rana ta yi sanyi. Amma dubi yadda babban ɗan kokawa yake jiran lokacinsa. Yana gefen fage, an lulluɓa masa zane ko babbar riga a kafaɗa, layu a damtse, yaransa na murza masa cinya da wuya. Can ya miƙe ya zaga da sassarfa, makaɗa su juyo kansa, ya tsaya ya yi kirari, ya kama wani yaronsa su ɗan tura juna, ya koma ya zauna. Ƙarfinsa a ajiye yake, jininsa kuwa bai taɓa hucewa ba, idonsa na kan duk wanda zai iya zama abokin karonsa. Irin hutun da nake goyon baya ke nan, kuma ya sha bamban da a ce wa mutum ya je gida ya kwanta sai an neme shi.

A dambe hujjar ta fi fitowa fili, domin abin da ake tattali hannu ɗaya ne. Hannun da aka naɗe da zare aka kai duka da shi turmi uku yakan kumbura, gaɓoɓin yatsu su yi tsami, kuma ba ya warkewa don an yi masa kirari. Ko a ɓangaren Kudu, ko Arewa, ko Guramada, ubangidan da ya san gasar mota ko babur na tafe ba zai bar shagonsa ya ɓarnatar da hannu a damben yammacin Talata ba. 'Yan kallo za su yi gunaguni, abokan hamayya su ce tsoro ne. Wani lokaci ma tsoron ne, ana fakewa da ciwon hannu don a kauce wa wanda ake shakka, kuma 'yan fage sun fi kowa gane bambancin. Amma asalin dabarar ba ta da aibi.

Gasar Takobi ta Nijar ta bi wata hanya dabam. Tun da aka fara ta a Tawa a 1975, lokacin da Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko, tsarinta bai bar wurin ɓoye gwani ba. A yau jihohi takwas ke zuwa, kowacce da 'yan kokawa goma, su yi ta karawa kusan kwana goma, kuma wanda ya faɗi sau ɗaya ya fita daga neman takobi. Issaka Issaka na Doso, mai takobi shida, sai da ya bi ta wannan matsi kowane zuwa. Hutu da kiwon jiki a sansani ake yin su, kafin a buɗe fage. Sai dai buƙatar tattalin ƙarfi ba ta gushe don doka ta hana zaman benci ba, ta dai koma cikin karon kansa. Za ka ga manya biyu suna zagaye juna, ana taɓa hannu ana janyewa, ba mai son kamun da zai tsotse shi, har alƙali ya fara ba da gargaɗi. Masu sauraron rediyo a wannan gefen iyaka sun san wannan shirun na mai sharhi sarai.

Amurkawa ma suna wannan gardama a besbol, wasan da ake jifan ƙwallo ana dukan ta da kulki, kuma nasu ya yi kama da dambe ƙwarai. Ƙungiya na buga wasa 162 kafin a shiga zagayen fitar da gwani. Babban mai jifa dama ba ya fita kullum, yakan huta kamar kwana huɗu tsakanin fita da fita, saboda kafaɗa da gwiwar hannu. Mai duka kuwa ido da saiti yake ci da su, in ya kwana biyar bai ga ƙwallo na tahowa da gudu ba sai ya riƙa makara. Daga 2022 aka fara ba ƙungiyoyin da suka fi nasara hutun tsallake zagayen farko. A shekarar Los Angeles Dodgers ta ci wasa 111, San Diego Padres ta fitar da ita da dawowarta. A 2023 Atlanta Braves mai nasara 104 da Baltimore Orioles mai 101 da Dodgers mai 100 duk suka faɗi haka. Aka ce hutu guba ne. Sai ga 2024, Dodgers da New York Yankees, dukansu masu hutun, su suka haɗu a ƙarshe.

Abin da na ɗauka daga duk wannan shi ne a tambayi wace gaɓa ce ta gaji. Hannun ɗan dambe, kafaɗar mai jifa, cinyar ɗan wasan gefe da ya yi gudu wasa biyu cikin zafin Garwa, da wanda katin gargaɗi ɗaya ya rage a dakatar da shi, waɗannan a ajiye su ba tare da jin kunya ba. Fahimtar juna tsakanin 'yan baya biyu da mai tsaron gida kuwa ba ta gajiya, tsatsa take yi. Sauya mutum uku ko huɗu, a shigo da manya su taka rabin sa'a, ya fi a kwashe sahu gaba ɗaya.

Saura haƙƙin wanda ya biya kuɗin ƙofa, kuma nan ne masu kare koci suka fi rauni. Mai gidan kallo ya sayi mai ya tada janareta, ya rubuta sunan wasa a allo, mutane sun shigo don gwanaye, sai ga 'yan benci. A gidan dambe abin ya fi ciwo, domin da sunan shago ake shela, mutum ya hau babur daga ƙauye ya zo ya tarar hannu a kwance. Hukumar gasar Firimiya ta Ingila ta taɓa cin tarar Blackpool fam 25,000 a 2011 don kocinta ya sauya mutum goma a wasa da Aston Villa, hukumar ƙwallon kwando ta Amurka kuma ta ci San Antonio Spurs dala 250,000 a 2012 don ta tura manyanta gida gabanin wasa da Miami. A fagagenmu ba hukumar da za ta ci tara, ba a kuma buƙatar ta. Mai shela ya faɗi tun kafin a karɓi kuɗi cewa wane ba zai ɗaura ba yau, sai ranar gasa. Wanda ya ga dama ya shiga, wanda bai gani ba ya riƙe kuɗinsa zuwa ranar.