Ɗalibi da Aikin Hannunsa: Nazari Kan Darasin Share Fage a Koyon Zane

Kusan duk makarantar koyon zane-zane ta zamani tana tarbar sabon ɗalibi da darasi iri ɗaya. Za a ba shi gawayi da fensir da faffaɗar takarda, a ajiye masa kofi ko kujera ko ƙwarya a tsakiyar ɗaki, a ce ya zana. Daga nan a shiga haske da inuwa, a shiga launi, a taɓa laka da kwali. Idan zango ya ƙare, abu uku ake karɓa daga hannunsa: ayyukan da ya kammala, littafin da yake gwaje-gwaje a ciki, da shafi ɗaya ko biyu da ya rubuta yana bitar kansa, wato yadda ya ɓullo wa aikin, inda ya yi tuntuɓe, da abin da ya gane. Wannan na ukun ya zama jiki har ana ganin kamar da shi aka fara koyon zane, alhali baƙo ne, kuma baƙon da ya kamata a tambaye shi abin da ya zo da shi.

A tsoffin makarantun zane na Faransa da Italiya, ɗalibi yakan ɗauki dogon lokaci yana kwafar zanen magabata daga takarda. Idan hannunsa ya faɗa, a matsar da shi gaban gumakan farar ƙasa da aka zuba a siffar sassaƙen Girkawa. Sai ya ƙware a nan za a bar shi ya zana mutum mai rai. Babu mai tambayarsa me yake ji ko me yake nufi, domin ma'aunin a fili yake: ya yi kama ko bai yi ba. Tsarin bai yi nisa da na yaron da ke koyon ɗinkin babbar riga ba. Ubangida ya zana masa aska biyu a kan yadi, yaro ya bi da allura, idan ya karkace a ce masa warware. Irin wannan koyo yana fitar da gwanaye, kada a raina shi. Sai dai hukunci duka yana wurin malami, ɗalibi nasa hannu ne kawai.

Juyin ya zo ne daga Jamus. A 1919 Walter Gropius ya kafa makarantar Bauhaus a garin Weimar, ya kuma gayyato wani mai zane ɗan ƙasar Siwizalan, Johannes Itten, wanda tun asali malamin firamare ne. Itten ne ya tsara darasin share fage na wata shida, wanda tun wajajen 1920 ya zama dole ga kowane sabon shiga kafin a tura shi sashen saƙa ko ƙarfe ko katako. Yakan buɗe aji da motsa jiki da atisayen numfashi, don a ganinsa hannun da ya sandare ba ya jan layi mai rai. Yakan sa ɗalibai su tsinto tarkace, gashi da waya da ɓawon itace da gilashi, su shafa da yatsu ido a rufe, sannan su jera su ta yadda kaushi zai fito kusa da santsi, nauyi kusa da sakayau. Manufarsa ita ce a kankare abin da ɗalibi ya haddace game da "zane mai kyau" don a ga abin da ke ƙasa. Itten mabiyin wata ɗariƙa ne da ake kira Mazdaznan, har da aske kai da doguwar riga, kuma wannan ɗabi'a tasa da saɓaninsa da Gropius kan alƙiblar makarantar suka sa ya bar ta a 1923.

Waɗanda suka gaje shi, László Moholy-Nagy da Josef Albers, sun ajiye numfashi sun riƙe kayan aiki. Wani tsohon ɗalibin Albers mai suna Hannes Beckmann ya ba da labarin ranarsu ta farko. Malamin ya shigo da tarin tsoffin jaridu, ya tuna musu cewa su matalauta ne, babu abin ɓarnatarwa, ya ce kowa ya mayar da jaridar wani abu da ya fi yadda take, in so samu ne ba tare da almakashi ko gam ba. Ya fita abinsa. Da ya dawo bayan sa'o'i, ya tarar an ƙera jiragen ruwa da fuskoki da gidajen sarauta. Ya ce wannan duk wasan yara ne, da wani kayan aka yi su da sun fi kyau. Wanda ya ɗaga ya nuna wa aji shi ne na wani saurayi da ya ninke jaridar sau ɗaya ta tsawo, ta miƙe tsaye da kanta. Takarda a kwance lagwas take, fuska ɗaya ake gani. Ninki ɗaya ya ba ta ƙarfin tsayuwa, ya kuma bayyana fuskokinta biyu.

A nan nake ganin asalin bitar kai mai amfani. Albers bai tambayi saurayin yadda zuciyarsa ta kasance ba. Tambayar da ya koya wa ajin ita ce: me wannan kayan yake iya yi, ni kuma me na sa shi ya yi? Mai jirgin ruwa ya zo da siffa a kansa ya tilasta wa takarda. Mai ninki ɗaya ya tsaya ya lura da takardar tukuna.

Bayan 'yan Nazi sun matsa an rufe Bauhaus a 1933, Albers ya tafi Amurka, ya koyar a kwalejin Black Mountain, daga 1950 kuma a jami'ar Yale. A Ingila, Victor Pasmore da Richard Hamilton a Newcastle, da Harry Thubron a Leeds, sun gina irin nasu darasin a shekarun 1950, sannan rahoton Coldstream na 1960 ya share hanyar da shekarar share fage ta zama ƙofar shiga karatun zane a ƙasar. Ta haka tsarin ya bazu.

To me ke faruwa a kan ɗalibi a makonnin farko? A ba shi kofi ya zana. Daga inda yake zaune, bakin kofin siriri ne kamar ƙwayar kankana a kwance, amma hannunsa zai zagaya da'ira kusan cikakkiya, saboda ya san bakin kofi zagayayye ne. Gindin kuma ya ja masa miƙaƙƙen layi, saboda ya san a kan tebur yake zaune. Sai zanen ya fito da baki na kallon sama, gindi na kallon gefe. Ba rashin iya riƙe fensir ba ne, abin da ya sani ne ya rinjayi abin da yake gani. Yawancin atisayen darasin dabaru ne na raba waɗannan biyun. Kimon Nicolaïdes, a littafinsa da ya fito a 1941, ya sa ɗalibi ya zana abin da ke gabansa ba tare da ya kalli takarda ba, ido na bin gefen abin a hankali, fensir na bin ido. Betty Edwards, a 1979, ta sa a juya hoto ƙasa a sama a kwafa, don kada ƙwaƙwalwa ta yi saurin cewa ga hanci ga kunne. Albers kuwa yakan sa a yanko gutsure biyu daga takarda mai launi ɗaya, a ɗora ɗaya a kan shuɗi ɗaya a kan rawaya, har ɗalibi ya rantse launuka biyu ne.

Ranar da ɗalibin nan ya miƙa hannu da fensir a tsaye, ya runtse ido ɗaya, ya auna faɗin bakin kofin da tsawonsa, ya ga bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya zana ba, ya sa abin gogewa ya gyara, to ya yi bitar kansa. Abin bai wuce daƙiƙa goma ba, kuma bai furta kalma ko ɗaya ba. Donald Schön, a littafinsa na 1983 kan yadda ƙwararru ke tunani a bakin aiki, ya bambanta wannan tunani na cikin aiki da wanda ake yi bayan an gama. Babban misalinsa ma daga ɗakin koyon zanen gine-gine ya ɗauko shi, inda malami ke ja layi, layin ya nuna masa wata matsala da bai hango ba, ya sake ja wani. Daga irin wannan nazari ne, da na John Dewey tun kafin shi, jami'o'i suka ɗauki al'adar sa ɗalibai su rubuta bitar kansu.

Matsalar ita ce sun ɗauki rabin da ya fi sauƙin ba wa maki. Tunanin cikin aiki ba ya zama a fayil. Rubutun ƙarshen zango kuwa ana iya tattara shi, a karanta, a ba shi bakwai cikin goma. Ɗalibi kuma ba wawa ba ne, da ya gane rubutun na da maki sai ya nemi abin da malami ke son ji. Duk wanda ya karanta tarin irin waɗannan takardu zai ga kusan labari ɗaya ne: da farko na ji tsoro domin ban taɓa zane ba, na sha wuya da gawayi, malam ya ƙarfafa mini gwiwa, yanzu na gane kuskure ma hanyar koyo ce. Babu ƙarya a ciki, amma babu zane a ciki. Za ka iya cire kalmar gawayi ka sa lissafi ko tuƙin mota, rubutun ya zauna daram. Ya zama wani salon adabi mai ƙa'idarsa, wanda dole jarumin ya fara da rauni ya ƙare da nasara. Ɗalibin da ya gama zango a rikice fiye da yadda ya fara, wanda sau da yawa shi ne ya fi kowa koyo, ba shi da gurbi a wannan labari.

Littafin gwaje-gwaje ma bai tsira ba. Tun da aka ce za a duba shi a ga "hanyar da aka bi", sai ga ɗalibai suna gama babban aiki tukuna, sannan daren jajibirin miƙawa su zauna su ƙirƙiro matakan da wai suka kai su gare shi, har da kurakuran ganganci masu tsabta. Shafukan gaskiya, waɗanda suka yi dama-dama da gawayi, an yage su don kunya.

Duk da haka ban ga dalilin jefar da rubutun ba. Akwai irin wanda ke aiki, kuma ana gane shi da cewa ba zai yiwu a rubuta shi game da wani zane daban ba. Misali ɗalibi ya ce: na sa inuwar butar da baƙi ƙirin, sai ta zama kamar rami a teburin, da na duba na ga hasken bango yana dawowa cikin inuwar, na ɗauke kaɗan da abin gogewa, sai butar ta zauna. Wannan jimla tana da abin da aka yi, da abin da ya haifar, da abin da aka canza. Wanda ya rubuta ta zai iya amfani da ita a zane na gaba. Irin wannan rubutu ya fi fitowa a gefen shafi, da fensir, a ranar da aka yi aikin, fiye da a takardar da aka buga a kwamfuta bayan wata uku. Haka ma zaman duba aiki, inda ake manna zanen kowa a bango a tattauna: malamin da ya tambayi "me kake nufi?" zai sami dogon jawabi, wanda ya nuna kusurwa ya ce "me ya sa nan ya fi can duhu?" zai sami amsa ko shiru, kuma shirun ma ya koyar da wani abu. A ajin da tarbiyya ta hana yaro yabon kansa ko musa wa babba, tambaya ta biyun ce kaɗai ke buɗe baki, domin magana ce a kan takarda, ba a kan mutum ba.

Akwai kuma wani zato da darasin ya gada daga Itten, cewa abin da ɗalibi ya zo da shi daga gida datti ne da za a kankare. A Weimar, abin da ake kankarewa shi ne tsohon salon makarantun Turai. Da tsarin karatun Turawa ya iso ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka, abin da ke ƙarƙashin abin gogewar ya zama wani abu daban. Zariya ta ga wannan da idonta. A 1955 aka mayar da sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya daga Ibadan zuwa Zariya, kwalejin da ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yawancin malaman Turawan Ingila ne, manhajar ma irin tasu ce. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar zane ta Zariya. Ba su ƙaurace wa aji ba, sun koyi auna jiki da haɗa fenti kamar kowa. Amma sukan taru su tattauna ayyukansu, su yi wa kansu tambayar da ba ta cikin jarrabawa: wannan hannu da ake horarwa, zanen wa zai yi? Matsayar da Okeke ya bayyana a 1960 ita ce a haɗa dabarun da aka koya da fasahar da kowa ya gada, ba tare da tilas ba. Shi ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, wanda mahaifiyarsa ta iya. Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo.

Ƙungiyar ta watse a 1961, shekara uku kacal. Ba wanda ya ba su maki a kan wannan bita, kuma ina zargin da an ba su da ba ta yi kaifin da ta yi ba. Bayan yaƙin basasa Okeke ya shugabanci sashen zane na Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, ya sa ɗalibai su shiga ƙauyuka su nazarci uli a matsayin wani ɓangare na karatunsu, kuma daga nan irin su Obiora Udechukwu suka fito. Yarinyar da ta shigo ajin farko a yau da hannun da ya shekara goma yana zana lalle, ko saurayin da ya iya zayyanar allo, sun riga sun san abubuwa da yawa game da layi da daidaito da cike fili. Takardar bitar kai da ake raba musu takan tambaye su abin da suka koya a zangon, ba kasafai take tambayar abin da suka zo da shi da inda ya shiga a cikin aikin ba.