Gasar Sarauniyar Kyau a Sansanin Masu Zama Tsirara

Fiye da shekara 100 ke nan masu aƙidar zama tsirara a Turai da Amurka suna nanata cewa tsiraicinsu ba na sha'awa ba ne. A Jamus abin ya kafu, farkon ƙarni na 20, da sunan neman lafiya ta hanyar shan hantsi da iska da motsa jiki. Wani Bajamushe, Kurt Barthel, ya ƙetara da shi Amurka, ya kafa ƙungiya a New York a 1929, sannan a 1953 aka kafa ƙungiyarsu ta duniya a Montalivet da ke Faransa. Sansanoninsu na da dokoki masu tsauri: ba a zama sai an shimfiɗa tawul, ba a ƙura wa mutum ido, ba a ɗaukar hoto sai da izini. Hujjarsu ita ce sutura ke raba attajiri da talaka, in an tuɓe kowa ya zama ɗaya.

To, mutanen da suka hana ƙura ido, me ya kai su kafa dandamali da alƙalai masu ba jiki maki?

Da fari abin wasa ne na cikin gida. A taron shekara sai a zaɓi "sarki" da "sarauniya" daga cikin membobi, a tafa, a watse. Kuɗi ne ya sauya shi. Sansani na buƙatar gyaran wurin ninƙaya da biyan haraji, kuɗin rajistar membobi kuwa ba ya isa. A 1970 sansanin Four Seasons da ke lardin Ontario na Kanada ya fara gasar Miss Nude World, aka buɗe ƙofa ga 'yan kallo masu biya, suka shigo da tufafinsu a jiki, 'yan jarida na biye. Wannan ya faru ne shekara 2 kacal bayan mata masu fafutuka sun yi zanga-zanga a Atlantic City suna la'antar gasar Miss America, wadda ma da sutura ake yin ta.

A ganina nan aƙidar ta ci amanar kanta. Sansani cike yake da tsofaffi da masu teɓa da masu tabon tiyata, amma waɗanda ake hawar da su dandamali matasan mata ne masu siffar da mujallu ke so. Jama'ar gari dama sun daɗe suna zargin cewa batun lafiya fakewa ce da guzuma a harbi karsana, sai ga hotuna a jarida suna ba su gaskiya. Membobi da yawa sun ƙi abin saboda haka.

A Roselawn ta jihar Indiana, sansanin Ponderosa Sun Club ya fara tasa gasar a 1975, kuma tafiya ta yi tafiya har yawancin masu shiga suka zama ƙwararrun 'yan rawar gidajen dare, ba membobin da ke yini a sansanin da tawul a kafaɗa ba.